Iyo, Keke da Gudu: Yadda Sabon Shiga Ke Kammala Tseren Kilomita 51.5

A watan Satumba na shekarar 2016, a tsibirin Kozumel na ƙasar Meziko, wani matashi ɗan Ingila mai suna Jonny Brownlee yana kan gaba a zagayen ƙarshe na gasar duniya ta tsere uku. Ya gama iyo, ya gama tuƙa keke, gudu ma saura kimanin mita 700 ya kai ga layin ƙarshe. Nan take sai ƙafafunsa suka fara harɗewa, ya shiga tangaɗi yana neman faɗuwa. Yayansa Alistair, wanda ke biye, ya riƙo shi a kafaɗa ya ja shi har bakin layi, sa'an nan ya tura shi ya tsallaka. Kafin nan Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya wuce su ya cinye tseren. Jonny ba rago ba ne, domin wata guda kafin wannan rana ya ci lambar azurfa a wasannin Olamfik na Riyo. Zafi ne ya kayar da shi.

In har zafi zai yi wa gwanin duniya haka, ina ga sabon shiga? Wannan tambaya ta shafi duk wani saurayi ko malamin wasanni a Bichi, Dambatta, Makoɗa ko Minjibir da ya taɓa ganin wannan tsere a talabijin, ya ji a ransa cewa shi ma zai iya. Kimiyyar jikin ɗan Adam ta nuna cewa zai iya ɗin, amma da sharaɗi. Abin da ke kai mutum ga layin ƙarshe shi ne sanin yadda zai tattala abubuwa uku: abincin da jiki ya adana, zafin da jiki ke haifarwa, da kuma ruwan da zai shiga.

Asalin Wasan

Tsere uku, wanda Turawa ke kira tirayatulon, gasa ce da ake haɗa iyo da tuƙin keke da gudu a jere, ba tare da an tsayar da agogo ba. An fara shi a sigarsa ta zamani ranar 25 ga Satumba, 1974, a birnin San Diyego na Amurka, inda Jack Johnstone da Don Shanahan suka shirya shi, mutum 46 suka shiga. A 1989 aka kafa ƙungiyar wasan ta duniya a garin Abinyon na Faransa, aka kuma yi gasar duniya ta farko a can. Tsawon da aka tsayar shi ne iyo na kilomita 1.5, keke na kilomita 40, gudu na kilomita 10, jimla kilomita 51.5 ke nan. Wasan ya shiga Olamfik a birnin Sidni a shekarar 2000, inda Brigitte McMahon ta Suwizalan ta ci na mata, Simon Whitfield na Kanada ya ci na maza cikin awa 1 da minti 48. Maza da mata tsawo ɗaya suke yi.

Domin a ga girman abin a ido, iyon kilomita 1.5 daidai yake da ratsa filin ƙwallon ƙafa a tsaye kusan sau 15. Kilomita 40 kuwa ya yi kusa da nisan Kano zuwa Bichi. Gudun kilomita 10 shi ne zagaya filin tsere mai mita 400 har sau 25. Gwanaye na gamawa cikin ƙasa da awa biyu, amma sabon shiga yakan ɗauki awa uku ko fiye da haka.

Jarin da Ɗan Karkara Yake da Shi

Ƙasar noma da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cikar jama'a a yankin sabana na Afirka. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960. Ya bayyana yadda gona ke manne da gona, ana noma ta kowace shekara ba hutu, ana kuma ciyar da ita da takin da ake ɗaukowa daga gida da kuma birni a kan jakuna. Irin wannan rayuwa aikin jiki ce tun daga asuba: huɗa, noma, kai taki, ɗibar ruwa, da tafiya kasuwa. Ko da yake babur ya yawaita, har yanzu akwai ɗalibin da ke taka keke kilomita da dama kullum zuwa makaranta, da manomin da ke ɗaura buhu a bayan kekensa.

Wannan jari ne babba. Zuciyar mutum a zaune tana tura jini kimanin lita 5 a minti guda. Idan aiki ya tsananta takan kai lita 20 ko fiye, kuma zuciyar da ta saba da aiki tana tura jini mai yawa a kowane bugu. Haka nan tsokar da ake aikatarwa kullum tana ƙara yawan ƙananan jijiyoyin jini da ke kai mata iskar oksijin. Saboda haka ɗan karkara mai lafiya ya riga takwaransa na birni, mai yawan zama, samun wani kaso na horon. Sai dai noma da tsere ba ɗaya suke ba. Mai noma yana tsayawa ya miƙe baya, ya sha fura a inuwa. Mai tsere kuwa awa uku zai yi jikinsa bai huta ba.

Rumbun Cikin Jiki

Duk wani motsi na tsoka yana cin makamashi, kuma daga abinci yake fitowa. Tuwo, fura, shinkafa da dankali suna narkewa su zama sukarin da ake kira gulukos. Abin da jiki bai yi amfani da shi nan take ba yakan adana shi a tsoka da hanta a matsayin gilaikojin. Wannan shi ne rumbun jiki, kuma ƙarami ne: kimanin giram 400 zuwa 500 a jikin baligi, wato kalori 1,600 zuwa 2,000. Akwai rumbu na biyu, wato kitse, wanda ya ninka na farko sau da yawa ko a jikin siriri, amma ƙona shi yana tafiya a hankali, kuma yana cin iskar oksijin fiye da sukari.

A ƙaddara saurayi mai nauyin kilo 60. Gudu yana cin kimanin kalori 1 a kan kowane kilo na nauyin jiki a kowace kilomita, don haka kilomita 10 za su ci kalori 600. Idan aka haɗa da na keke da na iyo, jimlar za ta doshi kalori 2,000, wato kusan duk abin da ke cikin rumbun farko. Nan ne dabara take. Wanda ya fara da gaggawa sukarinsa yake ƙonawa kusan zalla, sai rumbun ya kusa ƙarewa tun gudu bai yi nisa ba. Alamar ita ce ƙafa ta yi nauyi, kai ya yi jiri, tunani ya dagule, domin ƙwaƙwalwa ma da gulukos take aiki. Wanda ya tafi sannu kuwa jikinsa na haɗa kitse da sukari, rumbun ya kai shi gida. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma a nan kimiyya ta gaskata su.

Masana abincin 'yan wasa suna ba da shawarar cin giram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari a kowace awa idan aiki ya wuce awa guda. Ba sai an sayo kayan kanti ba. Ayaba ɗaya matsakaiciya tana da kimanin giram 25, kuma dabino da mazarƙwaila suna yin wannan aiki. A kan keke ya fi dacewa a ci, domin ciki ba ya jijjiga. Sai dai duk abin da za a ci ranar gasa, a tabbata an gwada shi tun lokacin horo.

Zafi da Gumi

Tsoka ba injin kirki ba ce wajen tattali. Cikin kowane kashi huɗu na makamashin da ta ƙona, kashi ɗaya kaɗai ko ƙasa da haka ke zama motsi, sauran ya zama zafi. Ga lissafin da malami zai iya ɗora wa ɗalibai a allo. Daga kalori 2,000, aƙalla 1,500 zafi ne. Kalori 50 sun isa su ɗaga zafin jikin mai kilo 60 da digiri ɗaya. Da a ce zafin ba shi da mafita, da jiki ya ƙaru da digiri 30, alhali daga digiri 37 zuwa 40 kaɗai ya isa ya jefa mutum cikin haɗari.

Babbar mafitar ita ce gumi. Duk lita ɗaya da ta bushe a kan fata tana tafiya da kalori kusan 580. A lura, bushewar ce ke sanyaya jiki. Gumin da ya ɗiga ƙasa asara ne. Shi ya sa zafi mai laima, irin na Kozumel ko na tsakiyar damina, ya fi wahalar da mai gudu. A ƙasar Kano matsalar rani daban ce. Iska a bushe take, gumi na bushewa nan da nan, mutum bai ga jiƙewa ba, alhali yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. A watan Afrilu kuma, lokacin da zafin rana ke kai digiri 40, iskar da kanta ta fi fata zafi, don haka ƙara wa jiki zafi take yi.

Hanyar auna asarar ruwa mai sauƙi ce. A hau sikeli kafin horo da bayansa: kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta ruwa. Idan ragin ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, ƙarfi yakan fara raguwa. Amma cika ciki da ruwa fiye da kima shi ma cuta ne, domin yana tsarma gishirin jini. Wani bincike a kan masu gudun dogon zango na Boston na shekarar 2002 ya gano cewa kashi 13 cikin 100 na mutum 488 da aka gwada gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma yawan sha ne babban dalili. Abin da ya dace shi ne a sha gwargwadon ƙishi, kaɗan-kaɗan. Haɗin ruwan gishiri da sukari da aka sani a asibiti, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, yana mayar da abin da gumi ya kwashe.

Jiki yana sabawa da aiki cikin zafi a kwana 10 zuwa 14: gumi ya riƙa zuwa da wuri, gishirin cikinsa ya ragu, ruwan jini ya ƙaru. Duk da haka, wanda ya fara tangaɗi ko surutai marasa kan gado a tsayar da shi nan take, a kai shi inuwa, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, sa'an nan a garzaya asibiti. Akwai kuma wani gargaɗi da ya shafi Nijeriya musamman. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rukunin jini na AS, wato rabin gadon sikila. Yawancinsu suna wasa lafiya lau, amma tsananin aiki tare da zafi da ƙishi yana iya jawo musu matsala mai tsanani. Sanin rukunin jini da ganin likita kafin fara horo wajibi ne.

Ruwa: Babban Shinge

Iyo ne mafi gajarta cikin ukun, shi ne kuma mafi haɗari. Wani nazari da aka buga a 2017 ya tattara mutuwa da tsayawar zuciya 135 da suka auku a gasannin tsere uku na Amurka daga 1985 zuwa 2016, kuma 90 daga cikinsu a ruwa suka faru. Mai gudu in ya gaji zai zauna, mai keke zai sauka, amma mai iyo a tsakiyar ruwa ba shi da wurin tsayawa.

Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, don haka ƙarfi kaɗai ba ya ratsa shi. Sabon koyo yakan ɗaga kai sama don tsoro, sai ƙugu da ƙafafu su nutse, jiki ya zama kamar faifan da aka tsayar a gaban ruwa. Gwani yana kwantar da jikinsa a miƙe, fuska a cikin ruwa, yana fitar da numfashi a ciki, yana juya kai gefe ya shaƙa. Wannan sai an koya a hannun wanda ya iya, a ruwa marar zurfi.

Arewacin Kano ba ya rasa ruwa. Akwai madatsar Thomas a wajen Dambatta, da ta Watari a Bagwai, ga kuma kududdufai a kusan kowane gari. Sai dai irin wannan ruwa mai kwanciya shi ne gidan tsargiya. Mai cutar idan ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar sukan ƙyanƙyashe su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa. Daga nan 'ya'yan tsutsar suke fitowa su huda fatar mai wanka, su bi jini su zauna a jijiyoyin mafitsara. Alamar da aka fi sani ita ce jini a ƙarshen fitsari. Likita Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Ga ɗan wasa illar biyu ce: tana rage jinin da ke ɗaukar oksijin, kuma in ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganin firazikwantal yana kashe tsutsar, amma ba ya hana sake kamuwa. Ruwan kwamin iyo da aka zuba wa kulorin shi ne mafi aminci. Ko manyan ƙasashe ba su tsira daga matsalar ruwa ba, domin a Olamfik na Faris a 2024 sai da aka ɗage tseren maza da kwana ɗaya saboda ƙazantar kogin Sen.

Koyon iyo ya wuce batun wasa. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Rigar kariya da kiyaye lodi su ne matakin farko na hana irin wannan, amma yaron da ya iya kwanciya a kan ruwa ya yi numfashi har taimako ya zo yana da damar da ɗan'uwansa ba shi da ita.

Keke da Sauyin Ƙafa

Rabin lokacin gasar a kan keke yake tafiya. Babban abokin gaba a nan iska ce. Idan gudun keke ya ninka biyu, turjiyar iska takan ninka huɗu, ƙarfin da ake buƙata don ratsa ta kuma ya ninka takwas. Shi ya sa masu tsere ke sunkuyawa, shi ya sa kuma riga mai faɗi ke zama birki. Tsohon keke irin Raleigh ko Phoenix ya ninka keken tsere nauyi fiye da sau biyu, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano nauyi ba ya cutarwa kamar a tudu. Wanda ya riƙe kilomita 22 a awa zai gama kilomita 40 cikin awa 1 da minti 50. Abin kula shi ne birki mai kyau, taya mai isasshiyar iska, kayan faci, sirdin da aka ɗaga har ƙafa ta kusa miƙewa, da hular kwano, wadda dokar wasan ta wajabta. Babban titi mai tireloli ba wurin horo ba ne.

Da an sauka daga keke aka fara gudu, ƙafafu sukan ji kamar na aro ne. Dalili shi ne tsokoki sun shafe fiye da awa suna juyawa a da'ira ba tare da ɗaukar nauyin jiki ba, sai ga shi kowane taku yana dukan ƙasa da ninki biyu zuwa uku na wannan nauyi. Jijiyoyin da ke ba tsoka umarni suna buƙatar mintoci kafin su sauya tsari. Maganin shi ne sabo: sau ɗaya a mako, a sauka daga keke a yi gudun minti 10 ko 15 nan take, da gajerun taku.

Tsarin Horo

Mai lafiya da ya riga ya iya iyo yakan buƙaci mako 12 zuwa 16, yana taɓa kowane fanni sau biyu a mako, da hutun kwana ɗaya cikakke. Yawancin horon a yi shi da saurin da mutum zai iya magana da abokinsa ba tare da haki ya katse shi ba. A riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, domin zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma ƙashi da agara suna jan lokaci, kuma su ne ke fara ciwo. A lokacin hutu da barci ne jiki ke gina abin da horo ya motsa.

Kalandar manomi ta tsara lokacin da kanta. Daga kaka, bayan an kai amfani gida, zuwa watan Fabrairu, safiya na da sanyi, abinci ya wadata, aikin gona ya yi sauƙi. Ranar da hazo ya yi kauri a rage horo, musamman ga mai asma. Bazara kuwa sai da asuba ko bayan la'asar, mai azumi kuma ya bari sai ya sha ruwa.

Ga ɗaliban sakandare akwai iyaka. A gasannin duniya, matasa 'yan shekara 16 zuwa 19 rabin tsawon suke yi: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Inda babu amintaccen ruwa kuma akwai tsere biyu, wato gudu, keke, sa'an nan gudu, wanda shi ma wasa ne da ƙungiyar duniya ta amince da shi. Makarantar da ke da fili, da kekunan ɗalibai, da agogo, da sikeli, da malami mai kula, tana da abin da za ta fara da shi. Ɗalibai su auna bugun zuciyarsu da safe, su rubuta nauyinsu kafin horo da bayansa, su zana jadawalin canjin da suka gani cikin zangon karatu guda. Darasin bayoloji da na fizis sun fito fili ke nan. Wanda ya fara da wannan yana ɗan shekara 16, ya kuma sami inda ya koyi iyo a ruwa mai tsabta, kilomita 51.5 ba za su gagare shi ba idan ya kai shekara 20.